Idan Likita Ya Tura Ka Hoton MRI: Shawara ga Mutanen Aboabo

Akwai takardar da in likita ya miƙo ta, gida duka sai ya shiga zullumi: takardar zuwa hoton MRI. Maigida kuɗin yake lissafawa. Mara lafiya kuma labarin da ya ji ne ke damunsa, wai tura mutum ake yi cikin wani kogo mai ƙara, a rufe ƙofa a bar shi. Uwargida tana can tana tambayar maƙwabta ko hasken na'urar yana hana haihuwa. Mu nan Aboabo, da 'yan'uwanmu na Asawase da Sawaba da Akwatia Line, yawanci daga ƙaramin asibitin unguwa ko daga asibitin Manhyia ake tura mutum gaba, ko dai asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda aka fi sani da Gee, ko wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta a cikin Kumasi.

Shawarata ita ce kada ka je da ka. Ka fara sanin yadda na'urar take gano wuri a cikin jikinka. Dokokin da za a gindaya maka a bakin ƙofa, cire wannan, faɗi wancan, kada ka motsa, duk daga yadda take aiki suka samo asali. Wanda ya san dalili ba ya ɓoye wa ma'aikaci komai, kuma ba ya biyan kuɗin hoto sau biyu.

Maganaɗisu da rediyo ne kayan aikinta

Mu fara kawar da tsoron haske. Eksire da siti-sikan suna amfani da wani haske mai ratsa jiki, wanda in ya yi yawa yana iya cutarwa, shi ya sa ake taƙaita shi. MRI ba ruwanta da wannan haske. Kayan aikinta biyu ne: maganaɗisu mai ƙarfin gaske da igiyar rediyo. Ba ta hana haihuwa.

Fiye da rabin jikin babban mutum ruwa ne, kuma a cikin ruwa da kitse akwai sinadarin haidurojin. Ƙwayar da ke tsakiyar haidurojin tana da ɗan maganaɗisu nata. In aka shigar da mutum cikin babban maganaɗisu, sai wani kaso na waɗannan ƙwayoyi su bi layinsa. Daga nan na'ura ta aika musu bugun rediyo a kan mitar da suke amsawa, sai su karkace. Bugun yana tsayawa su fara komawa yadda suke, suna fitar da wani raunannen saƙon rediyo, eriya ta kama shi. Kitse da tsoka da ƙwaƙwalwa da ƙari, kowanne da saurin komawarsa. Da wannan bambanci ake rarrabe su a hoto.

Mitar da ƙwayoyin ke amsawa ta dogara da ƙarfin maganaɗisun. Ana auna ƙarfin da tesla, kuma kowace tesla 1 tana ba da megahaz 42.58. Na'urar da ta fi yawa a manyan asibitoci mai tesla 1.5 ce, ke nan tana aiki a wajen megahaz 64, mai tesla 3 kuma a wajen 128. Tashoshin FM da muke saurara suna tsakanin 88 da 108, ka ga ashe maƙwabta ne. Saboda haka ake shimfiɗa jan ƙarfe ko alminiyam a cikin bangon ɗakin, ake kuma rufe ƙofa ruf, don kada saƙon waje ya shigo ya ɓata hoto. In ka ji an rufe ƙofa, kwantar da hankalinka. Ma'aikaci yana kallonka ta gilashi, yana kuma jin maganarka.

Ta ina take sanin inda saƙo ya fito?

A nan gizo ke saƙa. Ɗauki rediyonka. Kana bambance Zuria FM da sauran tashoshin Kumasi ne domin kowace tana da mitarta. Da a mita ɗaya duk suke magana, da hayaniya kawai za ka ji, ba ka san wa ke faɗin me ba. To haka jiki yake a cikin maganaɗisu mai ƙarfi bai ɗaya: kai da wuya da kafaɗa duk a mita ɗaya suke amsawa. Tun 1946 Felix Bloch da Edward Purcell suka gano wannan amsawa a Amurka, amma sai da aka shekara 27 kafin a samu wanda ya mayar da ita hoto.

Hanya ta farko Paul Lauterbur ne ya nuna ta a 1973. In aka sa ƙarfin maganaɗisu ya ɗan fi yawa a gefe ɗaya, yana raguwa a hankali zuwa ɗaya gefen, kowane wuri sai ya samu mitarsa. Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya kawo dabarun da suka hanzarta aikin, su biyun suka raba kyautar Nobel a 2003. Wasu manyan koyil, wato naɗaɗɗun wayoyi, da ke cikin bangon na'urar su ke haifar da wannan gangare na maganaɗisu. In an kunna gangaren, aka aika bugun rediyo mai siririyar mita, yanki ɗaya tak na jiki ne zai amsa, kaurinsa 'yan milimita. Sannan a sauya gangaren a saurara, a sake sauyawa a sake saurara, sau da yawa har 256, kafin hoto ya cika.

Abubuwa biyu suka shafe ka a nan. Na ɗaya, ƙarar da ake ba da labari daga waɗannan koyil take: duk lokacin da aka kunna musu wuta aka kashe sai su girgiza, kuma ƙarar tana iya wuce desibel 100. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Ka karɓi abin toshe kunne, in an manta ka nema. Na biyu, kowane saurare ɗaya yana ɗauke da labarin yankin gaba ɗaya, sai an gama kwamfuta take haɗa su. Don haka motsi ɗaya a tsakiyar aiki ba gefe ɗaya yake ɓatawa ba, hoton duka yake dagulawa, sai an maimaita.

Hanya ta biyu da rediyon kanta ake gano wuri. A 1990 Peter Roemer da abokan aikinsa suka nuna amfanin jera ƙananan eriya da yawa a maimakon babba guda. Kowace ƙaramar eriya ta fi jin abin da ke kusa da ita. Ke nan in eriyar hagu ta ji saƙo da ƙarfi, ta dama ta ji shi sama-sama, an samu labarin inda ya fito. Daniel Sodickson a 1997 da Klaas Pruessmann na Zurich a 1999 suka fito da lissafin da ke amfani da wannan bambanci, ta yadda za a tsallake rabin matakan gangare, ko fiye, a kuma samu cikakken hoto. Yau na'urorin zamani da wannan dabara suke aiki. Kwandon da ake kifa maka a kai, ko abin da ake shimfiɗa maka a ƙirji ko a naɗa a gwiwa, eriya ne 8 ko 16 ko 32 a jere a cikinsa.

Saboda haka kada ka ture shi, kada ka roƙi a sassauta shi fiye da kima. Iya kusancinsa da jiki, iya kyawun hoto da saurin gamawa. In yana danne maka wani wuri mai ciwo, faɗa tun kafin a fara, a sa maka matashi. Gyarawa da kanka bayan an fara ita ce ɓarna, domin kwamfuta ta riga ta auna inda kowace eriya take.

Kafin ka biya kuɗi

Tambayi likitan da ya rubuta takardar abubuwa uku: me ake nema, wane sashe na jiki za a ɗauka, kuma shin sakamakon zai sauya maganin da za a ba ka? Matambayi ba ya ɓata. MRI ta fi kowace na'ura nuna ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin gwiwa da kafaɗa, amma ba kowane ciwo ke buƙatarta ba. Yawancin ciwon baya yana sauƙi cikin 'yan makonni ba tare da wani hoto ba. Mutane da yawa ma da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauke su za a ga ɗan kumburi a tsakanin ƙasusuwan bayansu. Kada ka kai kanka hoto don maƙwabcinka ya yi. In kuma likita ya ce siti-sikan za a yi wa wanda ya yi hatsarin mota ko babur, kada ka nace sai MRI. Ga zubar jini a kai da karaya, siti-sikan ya fi sauri.

Akwai kuma alamun da ba a jiran layi da su: ciwon baya tare da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, haka nan karkacewar baki ko shanyewar hannu ko sarƙewar magana farat ɗaya. Waɗannan sashen gaggawa ake nufa da su a take, ko tsakar dare ne.

In tafiya ta tabbata, buga waya tukuna. Tabbatar na'ura tana aiki, ka karɓi rana da lokaci, don kada ka ɗauko tsoho a trotro ko pragya ku sha wuyar cunkoson Kejetia a banza. Nemi a faɗa maka kuɗin gaba ɗaya: na hoto, na allura in za a yi, na gwajin ƙoda, da na rahoton likita. Tambayi ko katinka na inshorar lafiya, NHIS, zai ɗauki wani abu a ciki. In kuɗin ya fi ƙarfinka, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin jama'a, je ka yi bayani. A cibiya mai zaman kanta, duba ko tana da lasisin HeFRA, hukumar da ke sa ido kan wuraren kiwon lafiya a Ghana, kuma ka tabbatar likitan karanta hoto ne zai rubuta rahoton. Tafi da tsofaffin hotunanka da takardun duk wata tiyata da aka taɓa yi maka.

Maganar ƙarfe ba ta wasa ba ce

Maganaɗisu mai tesla 1.5 ya ninka na doron ƙasa sau dubu talatin ko fiye, kuma ba a kashe shi. Wayoyinsa suna nutse cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, wuta tana zagayawa a cikinsu dare da rana. Ko an yi dumsor, ko ba kowa a ɗakin, yana nan yana ja. A 2001 a jihar New York, tukunyar iskar numfashi ta ƙwace ta faɗa cikin na'ura ta kashe wani yaro ɗan shekara 6. A 2018 irin wannan tukunya ta yi ajalin wani mutum a Mumbai ta Indiya, shi da ya raka mara lafiya ne kawai. A 2025 kuma wani dattijo a New York ya shiga ɗakin da ƙatuwar sarƙa a wuya, na'ura ta fizge shi, ya rasu. Dokar da ta hau kan mara lafiya ta hau kan ɗan rakiya.

Abubuwan da za a bari a waje: waya, makulli, sulalla, agogo, bel, katin banki, Ghana Card, abin ƙara ji na kunne, sandar dogarawa mai ƙarfe, wuƙar yankan farce, da ɗan carbin nan mai batir da ake sawa a yatsa. Keken guragu da gadon turawa na yau da kullum ba sa shiga, asibiti yana da nasa na musamman. Laya da guru da kambu su ma a cire. Ba ka san abin da aka ɗinke a cikin fatar ba, kuma kunya ba ta da wuri a nan. Ba wa ɗan'uwanka ya riƙe maka.

Wanda ya fi haɗari shi ne ƙarfen da ke cikin jiki. Faɗa wa ma'aikaci in kana da na'urar daidaita bugun zuciya, ko abin da aka dasa a cikin kunne, ko maƙalin da aka sa wa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ko harsashi ko ɓarɓashinsa da ba a cire ba. Ƙarafan da ake ɗora karaya da su a yau galibi ba sa hana hoto, amma ma'aikaci ne zai yanke hukunci bayan ya ga takardar tiyata. Alhazai masu haƙorin Makka, ku ambata shi. Zinariya tsantsa maganaɗisu ba ya janta, amma ba kowane haƙori mai ƙyalli ne zinariya tsantsa ba, kuma ƙarfe a baki yana iya ɓata hoton kai.

Ina kira na musamman ga masu walda da makanikai da maƙera da masu saye da yanka tsofaffin ƙarafa, na nan unguwa da masu tafiya Suame Magazine kullum safiya. In tsinin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido, ko shekara ashirin ke nan, ko ka ga kamar ya fita, sai ka faɗa. Maganaɗisu yana iya motsa ɗan ɓarɓashin da ya rage ya jawo makanta. Maganin abin mai sauƙi ne: a fara ɗaukar eksire na ido a duba.

Rediyo tana ɗumama jiki

Bugun rediyon da ake aikawa yana barin ɗan zafi a jiki, shi ya sa na'ura take da iyaka. A aiki na yau da kullum ba ta wuce wat 2 ga kowane kilo na nauyin mutum. Da nauyin da aka shigar mata take yin wannan lissafi, don haka hau ma'auni ko ka faɗi gaskiyar nauyinka. In kana da zazzaɓi ranar, sanar da su.

Ƙuna ita ce raunin da aka fi samu a ɗakin MRI, kuma kusan duka ana iya kauce mata. Duk abin da ya yi zobe yana iya kama rediyo ya yi zafi, har jikinka. Kada ka harɗe ƙafa, kada ka haɗa hannuwa biyu, kada cinya ta taɓa cinya ba tufa a tsakani, kada kuma fatarka ta jingina da bangon na'ura ko wata waya. Sa rigar da asibiti ya ba ka. Leshi da kayan aiki masu zaren ƙyalli, da wasu kayan motsa jiki, suna da siririn ƙarfe a saƙarsu wanda ido ba ya gani. A ƙarshen 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan takunkumi mai ƙarfe ya ƙona wani mara lafiya a fuska. In akwai filastar magani a jikinka, ko zanen tawada a fata, nuna musu. Ɗan ɗumi ba komai ba ne. Zafi a wuri ɗaya kuwa, matsa ƙararrawar da za a ba ka a hannu nan take.

Ga iyaye mata, da yara, da masu azumi

Hajiya, ranar hoto a bar kwalli da jagira a gida. Wasu suna da ƙarfe a ciki, suna ɓata hoton ido da kai. A cire 'yan kunne da zoben hanci da jigida da rigar mama mai maƙalin ƙarfe, da duk fil da allurar da ke cikin ɗankwali ko hijabi ko gashi. Ki taho da ɗan hijabin auduga marar ado, ki tambaya ko za ki iya sa shi. In kin fi son mace ta shirya ki, faɗa tun ranar karɓar lokaci don a san yadda za a tsara. In kina da ciki ko kina zaton akwai, ki faɗa kafin komai. Ana yi wa mai ciki MRI in buƙata ta kama, amma ana guje wa allurar da ake yi don hoto ya fito sarai. Mai abin tazarar haihuwa a mahaifa ko a hannu ita ma ta ambata.

Allurar da ake magana ta sinadarin gadoliniyam ce, ana yin ta ta jijiya don ƙari ko kumburi su fito sarai. Ba kowane hoto ke buƙatarta ba. Ƙoda ce ke fitar da ita, kuma tun 2006 aka gano tana iya jawo wata muguwar cutar fata ga masu ciwon ƙoda mai tsanani. Mai ciwon ƙoda, da wanda ya daɗe da ciwon suga ko hawan jini, ya faɗa don a gwada jininsa tukuna. Haka wanda wata allura ta taɓa tayar masa da borin jini. Mai shayarwa kuma, abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, likitoci galibi suna cewa ta ci gaba da shayarwa.

Ƙaramin yaro ba ya iya kwanciya shiru, sau da yawa sai an ba shi maganin barci. In aka ce kada ya ci komai na wasu awoyi, a bi umarnin daidai. Tausayin ba shi koko a ɓoye yana iya sa ya shaƙe yana cikin barci.

A watan azumi, hoton kansa ba ya shigar da komai cikin jiki. In akwai allura, ko za a ba ka wani ruwa ka sha don hoton ciki, tambayi asibiti tun wuri, sannan ka kai wa malaminka cikakken bayani ya ba ka hukunci. Kada dai a ɗage hoton gaggawa sai bayan Salla.

A cikin ɗakin

Yawancin hotuna suna ɗaukar minti 20 zuwa 45. Zaga bayi kafin a kira ka, in lokacin salla ya kusa ka yi tukuna. Na'urar a buɗe take gaba da baya, da fitila da iska. In hoton gwiwa ko ƙafa ne, kanka ma a waje zai kasance. Mai tsoron matsattsen wuri ya faɗa wa likita tun kafin ranar, akwai maganin kwantar da hankali, amma wanda ya sha shi ba zai tuƙa mota ko babur ya koma gida ba. Rufe ido tun kafin gado ya fara shiga yana taimako ƙwarai.

Aikin zango-zango ne, kowane zango 'yan mintoci, da ɗan shiru a tsakani. In tari ya taso ko kana son haɗiyar yawu, jira shirun. In kai ko wuya ake ɗauka, yi zikirinka a zuci, domin motsin leɓe da muƙamuƙi ma yana fitowa a hoto. In ciki ko ƙirji ne, za a ce ka riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20. Gwada a gida kwana biyu kafin ranar. Tsohon da ba ya jin Turanci ko Twi sosai, a koya masa kalmomin umarnin tun a waje, ko a roƙi a bar mai fassara ya tsaya kusa da ma'aikaci.

Bayan an gama

Wanda ya ɗauki hoton ba shi ke fassara shi ba, kada ka matsa masa ya faɗa maka abin da ya gani. Tambayi ranar da rahoto zai fito. Karɓi faifan hoton da rahoton, ɗauki rahoton a wayarka, ka ajiye asalin inda damina ba za ta taɓa shi ba. In aka tura ka Korle Bu a Akra ko asibitin koyarwa na Tamale, wannan faifan zai iya hana a sake cajinka. Mayar da rahoton ga likitan da ya tura ka. Kalmomin da ke ciki suna da ban tsoro ga wanda bai san su ba, kuma zauren WhatsApp ba wurin fassara su ba ne.

Na'urorin da ke tafe, da na masu damfara

Akwai hanya ta uku ta gano wuri, wadda masana ke kan gwadawa. Tunda koyil ɗin gangare su ne masu ƙara da nauyi da shan wuta, me zai hana a bar rediyo ita kaɗai ta yi aikin? David Hoult ya kawo wannan tunani tun 1979: a sa ƙarfin bugun rediyon ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ta yadda kowane wuri zai karkace daidai nasa gwargwado. A 2010 Jonathan Sharp da Scott King a Kanada suka nuna wata dabara mai suna TRASE, inda eriya daban-daban ke aika bugu bi da bi, kowace tana barin tambarin wuri a kan saƙon. In abin ya kankama za a samu na'ura mara ƙara, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi. Cikas ɗinta shi ne tana buƙatar bugun rediyo da yawa a jere, wanda ke ƙara ɗumama jiki, don haka ta fi dacewa da ƙaramin maganaɗisu. Har yanzu a ɗakunan bincike take.

Ƙananan na'urori dai sun fara fitowa, ko da yake da gangare suke aiki. A 2020 Amurka ta amince da Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai tesla 0.064, wadda ake turawa a kan taya har gefen gadon mara lafiya don hoton kai, kuma an yi aiki da ita a Blantyre ta Malawi. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Mbarara a Yuganda, masana tare da abokan aikinsu na Leiden ta Holan sun harhaɗa ƙaramar na'ura a can gida. Hotonsu bai kai na babbar na'ura kyau ba, amma ya isa ganin abubuwa irin taruwar ruwa a kan jariri.

Kada wannan labari ya sa a yaudare ka. Akwai masu yawo da ƙaramin akwati da kwamfutar cinya a kasuwanni da shagunan magani, su ba ka ɗan ƙarfe ka riƙe na minti ɗaya, sai allo ya lissafo maka ciwon hanta da ƙoda da rashin haihuwa, daga nan a ɗora maka kwalaben magani. Wasu har sunan maganaɗisu suke liƙa wa akwatin. Ka riga ka ga abin da ake buƙata kafin a ga cikin jiki: a shigar da sashen cikin maganaɗisu, a kewaye shi da eriya, a yi ta saurare na mintoci, sannan likita ya karanta. Ƙarfen da aka riƙe a tafin hannu ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Riƙe kuɗinka.

Kirana na ƙarshe ga matasan Zango ne. Takardar tambayoyin da ake cikewa a bakin ɗakin MRI da Turanci take, kuma iyayenmu da yawa sukan amsa da "babu" don kunya ko don a gama da wuri. In za a kai Baba ko Inna, wanda ya san tarihin jikinsu ya raka su, ya karanta musu kowace tambaya da Hausa, ya jira amsa ta gaskiya kafin a sa hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.